Zuwa ga Edita: A san mene ne rudraksha kafin a rataya shi a wuya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ɗan fili domin mu yi bayani a kan wani ƙwallon itace da tallansa ya yawaita a intanet. Ƙwallo ne mai kaushi, launin ƙasa-ƙasa, da tsagogi daga samansa zuwa ƙasansa. Ana jera shi a zare kamar carbi, ko a yi abin hannu da shi. Sunansa rudraksha. Masu tallan suna cewa yana sauke hawan jini, yana kwantar da hankali, yana kawo barci. Amma ba sa faɗin inda ya fito, ba sa faɗin matsayinsa a wurin mutanen da suka fi kowa saninsa, balle su ambaci yadda jabu ya cika kasuwarsa. Sun zuba itace da aƙida da magani a ƙwarya ɗaya sun dama, mai saye kuwa yana da haƙƙin a raba masa su.

Ita bishiyar, masana tsirrai sun daɗe suna kiranta Elaeocarpus ganitrus, ko da yake da yawansu a yau suna ɗaukar ta ɗaya ce da Elaeocarpus angustifolius, wadda masanin tsirrai Blume ya bayyana a 1825. Tana fitowa daga gindin duwatsun Himalaya a Nefal da arewa maso gabashin Indiya, ta ratsa kudu maso gabashin Asiya da Indonesiya, har zuwa arewacin Ostireliya. A Indonesiya ana ce mata jenitri ko ganitri. Babbar bishiya ce ta kurmi, tana kai mita 30 ko fiye, idan ta manyanta gindinta yakan fitar da faffaɗan saiwoyi kamar katanga, su ne ke tokare ta. Ba ta kaɗe ganye gaba ɗaya. Tsohon ganye yakan yi ja wur kafin ya faɗi, don haka kullum za ka hangi ɗaiɗaikun jajayen ganye a cikin kore, kuma da wannan ake saurin gane ta daga nesa. Furenta fari ne ƙarami, bakinsa da geza.

Ɗanta ya cancanci a tsaya a kansa. Kewayayye ne, faɗinsa kamar santimita 2 zuwa 3, idan ya nuna sai ya zama shuɗi mai ƙyalli har ka rantse fenti aka shafa masa. Amma ko ka daka ɓawon ka tace ba za ka sami shuɗin rini ba. Masanin tsirrai David Lee ya nuna a 1991 cewa wasu siraran shimfiɗu ne a cikin fatar ɗan itacen, jere bisa juna, suke mayar da shuɗin haske zuwa ido, kamar yadda gashin ɗawisu yake yi. Shi ya sa idan ɗan ya bushe shuɗin yake gushewa ya koma baƙi-baƙi. Tsuntsaye da jemagu suna cin ɗan siririn naman da ke ƙarƙashin fatar, su yar da ƙwallon a wani wuri. Wannan ƙwallon da suke yarwa shi ne ake ta cinikinsa.

A wurin mabiya addinin Hindu, rudraksha kayan ibada ne. Sunan daga harshen Sanskirit yake: Rudra ɗaya ne daga sunayen Shiva, abin bautarsu, aksha kuma ido. A labarinsu, hawayen Shiva ne suka zuba a ƙasa bishiyar ta tsiro. Tsofaffin littattafansu irin su Shiva Purana sun yi magana a kan falalar sa shi da ƙa'idojin yin hakan. Carbin da suke yi da shi, wanda suke kira mala, yana da ƙwaya 108, da ƙarin guda ɗaya a kai wadda ba a ƙirgawa kuma ba a tsallake ta, idan an zo kanta sai a juya a koma baya. A garuruwan ziyararsu kamar Varanasi da Haridwar a Indiya, da harabar wurin bautar Pashupatinath a Katmandu, babban birnin Nefal, rumfunan rudraksha ba sa ƙirguwa. Wasu mabiya addinin Buda ma suna ja da shi, a ƙasar Sin kuma ya zama abin ƙawa da ake murzawa a hannu har ya yi sheƙi. Mun kawo wannan ne saboda ɗan kasuwan da ya ɓoye asalin abu ya kira shi "carbin lafiya" ya cuci ɓangare biyu. Ya wulaƙanta abin da wasu suke girmamawa, ya kuma sa wani ya rataya alamar aƙidar da ba tasa ba cikin rashin sani.

Farashin ƙwallon ya rataya ne a kan abin da suke kira mukhi, wato fuska. Kowace tsaga da ta taso daga ramin sama ta sauka zuwa na ƙasa ba tare da yankewa ba, ita ke raba fuska da fuska. Asalin abin a fure yake: mahaifar furen tana da ɗakuna, galibi biyar, kuma kowane ɗaki yana barin tsagarsa a bayan ƙwallo. Saboda haka mafi yawan abin da bishiya ke haifa mai fuska biyar ne, sai masu huɗu da shida. Ana lissafa su daga fuska 1 har 21, kuma gwargwadon nisan adadi daga biyar, gwargwadon ƙarancinsa da tsadarsa. Kewayayye mai fuska ɗaya tak kusan ba a ganinsa. Wanda ake sayarwa da wannan suna mai siffar jinjirin wata, yawanci daga wata 'yar'uwar bishiyar yake, Elaeocarpus tuberculatus ta kudancin Indiya. Akwai kuma tagwaye, ƙwallo biyu da suka manne tun a reshe, ana kiransu Gauri Shankar.

Na Nefal da na Indonesiya ba sa ɓoyuwa ga wanda ya saba. Na Nefal, wanda gundumomin Bhojpur da Sankhuwasabha a gabashin ƙasar suka yi suna da shi, manya ne, sukan kai milimita 20 ko su wuce, ƙayoyin jikinsu a tashe, tsagoginsu da zurfi. Na tsibirin Java, musamman yankin Kebumen, ƙanana ne, da yawa ba sa wuce milimita 5 zuwa 12, jikinsu ya fi santsi, tsagar kamar siririn zare. Bukatar kasuwa har ta shiga gona. Manoman Java sukan kankare ɓawon reshe zagaye lokacin da 'ya'ya suka fara ƙulluwa domin ƙwallon ya fito ƙarami, tunda ƙanana sun fi kuɗi a can. A Nefal kuwa, tun da masu saye daga Sin suka shigo, wasu manoma suna ɗaura wa ɗanyen ɗa ƙarfen matsi domin ya fito a baje, wasu suna amfani da sinadaran sarrafa girman tsiro. Kankare ɓawon da zuba sinadaran duka suna gajiyar da bishiya idan aka yawaita, reshen da aka zagaye da kankara mai zurfi ma mutuwa yake yi.

Gyaran ƙwallo bayan girbi ba shi da wuya, amma gaggawa tana ɓata shi. Ana tsintar wanda ya nuna sosai, mafi kyau wanda ya faɗo da kansa. Wanda aka tsinko ɗanye ƙashinsa bai gama ƙwari ba, zai fito fari-fari, mara nauyi, ya riƙa marmashewa wajen huda. Sai a jiƙa 'ya'yan a ruwa kwana biyu zuwa huɗu har naman ya ruɓe, a murje da hannu, a bi kowace tsaga da burushi mai tauri. Wasu suna tafasawa domin su rage kwanaki. Duk ɗan naman da ya maƙale a tsaga shi ke jawo fumfuna da ƙwari daga baya. Shanya a inuwa ake yi, inda iska ke ratsawa, mako ɗaya zuwa biyu ana juyawa. Idan aka baza shi a rana mai zafi, bayan zai bushe kafin cikin, sai ya dare ta kan tsaga. Tsakiyar ƙwallon tana da hanya mai taushi daga sama zuwa ƙasa, ita ake bi da siririn abin huda, wanda ya kauce mata kuwa zai fasa ɗaki ya raunana ƙwallon. A ƙarshe a shafa ɗigon man riɗi ko na mastad da ɗan burushi. Mai kaɗan ake so, domin idan ya yi yawa ƙura yake kamawa ya toshe tsagogin. Ajiya kuma ban da leda a ɗaure matuƙar akwai sauran danshi.

Maganar jabu ita ce ta fi buƙatar fili, domin a nan ake cin kuɗin mutane. Hanya mafi sauƙi ga maha'inci ita ce ya ɗauki mai fuska biyar, wanda ba shi da tsada, ya ƙara masa tsagogi da ɗan zarto ya mayar da shi mai goma sha huɗu. Ko kuma ya cike tsagogi huɗu da garin ƙwallo haɗe da gam, ya bar ɗaya, ya ce ga mai fuska ɗaya. Wasu suna yanka ƙwallaye biyu ko uku su haɗa ɓangarorin. Tagwaye kuwa ana goge gefen guda biyu a manne su. Akwai wanda ma ba rudraksha ba ne sam, an sassaƙa shi daga katako ko ƙwallon wani itace, ko an zuba roba a mazubi. Duk ƙwallon da ka ga siffar maciji ko mashi mai baki uku ta fito raɗau a jikinsa, hannun mutum ne ya yi ta.

Gwaje-gwajen da 'yan kasuwa suka fi nunawa a bidiyo ba su tabbatar da komai. Suna cewa na gaske yana nutsewa a ruwa, jabu yana tasowa. Alhali na gaske da ya bushe sosai, ko wanda ɗakunansa ba ƙwaya, yana iya tasowa, na katako mai nauyi ko wanda aka cusa wa darma kuma ya nutse. Suna sa shi tsakanin kwabbai biyu na jan ƙarfe su ce ga shi yana juyawa da kansa. Kowane abu mai kaushi da ba daidai yake ba zai motsa idan aka matse shi tsakanin abu biyu masu santsi. Abin da ya fi amfani shi ne gilashin ƙara girma mai ninki goma. Tsagar halitta tana tafiya a karkace, tana bin tudu da kwari na jikin ƙwallon, zurfinta ba ɗaya ba, bakinta a dakushe. Ta zarto miƙaƙƙiya ce, bakinta da kaifi, takan ratsa ta tsakiyar ƙaya maimakon ta kewaye ta, launin cikinta kuma yakan bambanta da na sauran jiki. Tafasawa na awa ɗaya ko biyu takan tona gam, mahaɗa ta canza launi ko ta buɗe, amma gam mai ƙarfi yana iya jurewa, kuma tafasar kan dusashe ƙwallon. Hujja mafi ƙarfi ita ce hoton ciki irin wanda ake ɗaukar ƙashi da shi a asibiti, domin yawan ɗakunan ciki ya kamata ya yi daidai da yawan fuskokin waje. Idan fuskoki sun yi yawa, ɗakunan sukan hau kan juna a hoton, sai an koma ga na'urar da ke ɗaukar hoto yanki-yanki. Takardar shaida da ake haɗowa da kaya kuwa, idan ba ta ɗauke da hoton wannan ƙwallon da nauyinsa da faɗinsa, takarda ce kawai da kowa zai iya bugawa.

Ana kuma tallan iri da dashe, har da alƙawarin "bishiyar fuska ɗaya". Wannan yaudara ce. Bishiya guda tana haifar masu fuska daban-daban a shekara guda, kuma shuka mai fuska goma ba ya sa a girbi mai fuska goma. Ƙwallon da aka tafasa ko aka huda aka shafa wa mai ma ba zai tsiro ba. Ko sabo ne, ƙashinsa yana da taurin da ruwa ba ya ratsa shi da wuri, yana iya kwana a ƙasa wata shida har shekara biyu kafin ya yi motsi, da yawa kuma ba sa fitowa. Masu renon dashe suna rage wannan jira da ƙarfen matsi irin na makanikai: a sa ƙwallon a tsaye, a riƙa murɗawa a hankali har a ji ƙas, sai a tsaya. Guduma tana murƙushe ƙwayar ciki. Sai a binne shi zurfin santimita 1 zuwa 2 a cakuɗen yashi da ruɓaɓɓen taki, a inuwa, ƙasa da danshi amma ba jagab ba, domin yawan ruwa yana ruɓar da wuyan tsiro. A rufe da ragar waya saboda ɓeraye suna son ƙwayar. Ƙwallo ɗaya yana iya fitar da tsiro biyu ko uku, tunda kowane ɗaki da nasa. Wanda ke son 'ya'ya da wuri, kuma masu girma irin na uwar, sai ya bi ta reshe: a kankare ɓawo zagaye faɗin santimita 2 zuwa 3 a reshe mai kaurin yatsa, a naɗe da gansakuka mai danshi, a ɗaure da leda, a yi haka da damina, idan saiwoyi sun bayyana a yanke a dasa. Ko a aurar da reshen a kan ƙaramin dashe. Irin wannan kan fara haihuwa cikin shekara uku zuwa huɗu, na iri kuwa sai ya ɗauki kusan ninkin haka. A bar tazarar mita 6 zuwa 8 tsakanin bishiyoyi, a nisanta su da gini saboda saiwoyin. Sharaɗin da ya fi duka shi ne yanayi. Itacen kurmi ne mai son ruwan sama da yawa da iska mai laima da ƙasa mai zurfi wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Dogon rani da busasshiyar iska suna ƙona ƙaramin dashe, sanyi mai ƙanƙara ma haka. A dazukan arewa maso gabashin Indiya, wannan wuyar tsiro haɗe da tsince ƙwallaye kakaf da mutane ke yi ta sa ƙananan bishiyoyi suka yi ƙaranci a ƙarƙashin manya.

Saura magani, wanda shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami. Gaskiya ne cewa a likitancin gargajiya na Indiya, Ayurveda, an daɗe ana amfani da naman ɗan itacen da ƙwallonsa da ganye da ɓawo a kan farfaɗiya da ciwon kai da tari da fuka da rikicewar tunani da hawan jini. Gaskiya ne kuma masu bincike sun ciro sinadarai daga bishiyar da danginta, irin su elaeocarpine da rudrakine da quercetin, an kuma gwada ruwan da aka tatso daga ƙwallo da ganye a kan ɓeraye an ga alamun kwantar da jiki da rage kumburi da sauke hawan jini. Wannan ya isa a ce bishiyar ta cancanci a ci gaba da bincikenta. Amma tsakanin ɓera a ɗakin gwaji da mutum mai hawan jini akwai tafiya mai nisa, kuma ba a yi manyan gwaje-gwaje a kan mutane da za su nuna adadin da za a sha, da tsawon lokaci, da illar da ke biyo baya ba. Sannan duk waɗancan gwaje-gwajen a kan abin da aka tatso aka ba dabba ne. Ba su shafi ƙwallon da aka rataya a wuya ba. Zancen cewa yana fitar da wani maganaɗisu ko lantarki da ke daidaita zuciya magana ce ta talla. Busasshen ƙwallon itace ne. Idan mutum ya zauna shiru yana jan ƙwaya ɗaya bayan ɗaya yana numfashi a hankali, jikinsa zai iya lafawa, amma zaman da numfashin ne suka yi aikin, ko da wane irin ƙwaya ya ja.

Ana kuma koya wa mutane su jiƙa ƙwallaye a ruwa su kwana, da safe su sha, ko su niƙa su haɗa da madara. A tuna cewa ƙwallon kasuwa an yi shi ne domin ado. An shafa masa mai, sau da yawa an rina shi domin ya yi duhu, wani an fesa masa maganin ƙwari kafin a loda shi, wani da gam a jikinsa, wani ma da darma a cikinsa, darma kuwa guba ce da ke taruwa a jiki ta lalata ƙoda da ƙwaƙwalwa, musamman ga yara. Mai ciki da mai shayarwa da ƙaramin yaro su nisanci shansa gaba ɗaya. Kada a rataya wa jariri, saboda zaren na iya shaƙe shi, ƙwayar kuma ta maƙale masa a maƙogwaro idan zaren ya tsinke.

Babban haɗarin shi ne mutum ya ajiye maganin asibiti saboda ya sa abin hannu. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana iya jin garau alhali awonsa ya haura 140 bisa 90, yana cin zuciya da ƙoda da jijiyoyin ido a ɓoye, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Jin sauƙi a jiki ba awo ba ne. Mai farfaɗiya kuma idan ya yanke maganinsa farat ɗaya, faɗuwar tana iya dawowa a jere ba hutawa, wanda hakan kan kai ga rasa rai. Duk wanda ya riga ya saya yana amfani da shi, ya ci gaba da shan abin da likita ya rubuta masa, ya riƙa auna jininsa da na'ura a zaune bayan hutun minti biyar, safe da yamma, ya rubuta lambobin a takarda, ya kai wa likitansa tare da gaya masa duk wani jiƙo ko gari da yake sha a gefe.

Mun gode da wannan fili da aka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wasu masu nazarin itatuwa da magungunan tsirrai